Tsagar da Ta Tafi a Tsaye

Ranar Litinin da aka sake buɗe ɗakin gwaji, bayan an shafe mako guda ana gyaran rufinsa, Auta ce ta fara shiga. Warin fenti ya tare ta tun daga ƙofa, sai kuma wani ƙauri a ƙarƙashinsa, kamar na gashin da ya taɓa wuta. Can a lungu injin gwaji yana ta ƙuginsa shi kaɗai. Ashe ranar da aka fitar da kowa a gurguje, ba wanda ya tuna ya kashe shi.

Abin da kamfaninsu ke yi ɗan siririn tangaran ne, tsawonsa bai kai ƙaramin yatsa ba, kaurinsa kamar farce. Ba irin tangaran ɗin faranti ba ne. Wannan in an ba shi wutar lantarki sai ya lanƙwashe, in an ɗauke ya miƙe, shi ya sa ma'aikata ke ce masa harshe. Ana saka shi cikin wani ƙaramin akwati da masu ciwon huhu ke ɗaurawa a bakin tukunyar iskar oksijin. Mutum na jan numfashi harshen zai ɗaga, iska ta fito daidai shaƙa ɗaya, ya koma ya rufe. Tukunyar da a da ke ƙarewa cikin awa biyu sai ta kai awa takwas. Mahaifin Auta yana da guda, cikin na farkon da aka fitar, yau wata goma sha huɗu.

Aikin Auta shi ne ta tabbatar harshen ba zai gaji ya karye ba. Sukan ɗauki samfuri, su dangwala masa tsinin daimon da gangan, sai 'yan tsagu su fito daga wurin kamar alamar tarawa, ɗaya kwance ɗaya tsaye, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Daga nan a tsoma shi cikin mai, injin ya yi ta ba shi wuta yana ɗaukewa, sau goma a daƙiƙa, har sau miliyan biyu. A ciro a auna. In tsagar ba ta ƙara tsawo ba, an ci jarrabawa. Tun da aka koma sabon haɗin tangaran bara, ba a taɓa faɗuwa ba.

Ta kashe injin, ta leƙa kaskon man. Samfuri shida aka bari a ciki. Huɗu sun rabe gida biyu, bakin kowanne ya yi baƙi inda wuta ta tsallaka.

Tana tsaye a wurin Kawu ya shigo da kofin shayinsa. Shekararsa ashirin da biyu yana awo a wannan ɗaki. Ba kawun kowa ba ne, amma har Manaja haka yake kiransa.

"'Yar boko, kin riga ni? Ko tare da masu fenti aka rufe ki?"

"Kawu, zo ka gani."

Ya leƙa, ya ajiye kofin a inda bai taɓa yarda wani ya ajiye kofi ba. "Kai! Wane sakarai ne ya bar wannan a kunne?"

"Bar wannan tukuna. Dubi ta inda suka rabe."

Suka ciro ɗaya daga cikin biyun da suka rage, suka goge man, suka sa a ƙarƙashin madubi. Hoton ya fito a allo kamar kullum, siririn layi, tsagar kwance tana zaune inda aka bar ta, ko gezau. Sai Auta ta yi abin da aka yi sama da shekara guda ba wanda ya yi, ta buɗe hoton gaba ɗayansa. Ta tsayen ta miƙe sama da ƙasa, tana 'yan karkace-karkace kamar jijiyar bayan hannu, saura ƙiris ta taɓa baki.

Duk wanda ya yi wata ɗaya a ɗakin ya san ƙa'idar. Tsagar da ta bi hanyar wuta ba ta zuwa ko'ina. Wadda ta gitta hanyar ita ce mai tafiya, duk kunnawa da kashewa tana ƙara taku. A tsohon mariƙin da ake ɗora samfuri, mai gittawar kullum kwance take fitowa a allo, har mutane suka daina ce mata mai gittawa, sai dai ta kwance. Haka ma aka buga a takardar awo. Bara Auta, sabuwar fitowa daga jami'a, ta ƙera sabon mariƙi mai cin shida maimakon ɗaya. Don su samu shiga sai da ta juya kowane samfuri a gicciye. Ta kuma saita kyamarar ta riƙa ɗaukar wannan siririn layin kawai, don awo ya yi sauri. Ranar har tafi aka yi mata a taro, ta rasa inda za ta sa fuskarta don kunya.

Kawu ya cire gilashinsa, ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Abin da takarda ta ce na auna," in ji shi a hankali. "Ta kwance. Wallahi kullum ita nake aunawa."

"Ni na juya su, Kawu."

"Ni kuma na zauna ina kallo. Sama da shekara guda muna gadin wadda ba ta da ƙafa, mai ƙafar tana wucewa ta bayanmu."

Injin yana ajiye lissafin inda kowane samfuri ya karye. Na farko a miliyan biyar da dubu ɗari takwas, na ƙarshe dab da miliyan bakwai. Auta ta jawo wata takarda ta juya bayanta. Baba yakan ja numfashi kamar sau ashirin a minti, ta sha ƙirgawa a asibiti. Akwatin yana jikinsa tun safe har magariba, don ko a gida ya fi son sa da babban injin iskar da ake jonawa a bango, wai igiyar injin ta mai da shi akuya a turke. Awa goma sha biyu a rana, wata goma sha huɗu. Ta buga sau biyu, amsar ɗaya ce. Miliyan shida da 'yan kai.

Kawu ya leƙo ta kafaɗarta. Bai tambayi lissafin mene ne ba.

"In ya karye, ƙararrawa za ta yi kuka?"

"Ba za ta yi ba." Ta ajiye takardar. "Akwatin yana jin an ja numfashi, ya aika wuta, fitila ta yi kore. Bai san ko harshen ya ɗaga ba. Mutum zai ji barci ne kawai."

Manaja yana cin abinci a kan teburinsa lokacin da suka shiga. Auta, wadda ko gaisuwa sai ta shirya ta a zuci kafin ta shiga ofishin nan, ta ajiye masa ɓarin tangaran biyu kusa da farantinsa ta zayyana komai a tsaye.

Ya saurara har ƙarshe, ya goge hannu. "To, a tsaya. Waɗannan ku kuka ji musu rauni da hannunku. Na kasuwa ba wanda ya dangwala musu daimon."

"Yallaɓai, zarton da ke yanka su yana barin ƙarzuwa a gefe. Dalilin gwajin ke nan tun farko."

"Ƙarzuwa daban, rauni daban. Za su iya kai miliyan ashirin."

"Za su iya."

"To, kin gani."

"Za su iya karyewa yau kuma. Ban sani ba, yallaɓai. Ba wanda ya sani, don ba mu auna ba."

Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi fankar sama. Manaja ya ce zai kira taro ranar Laraba, a sake gwaji a natse, kafin nan kada maganar ta fita daga ɗakin. Auta ta ce to. Tana fitowa ta cire farar rigar aiki ta miƙa wa Kawu, ta kira gida.

Umma ce ta ɗauki wayar Baba.

"Ga ta nan a aljihun rigar jiya, kamar kullum. Ya fita tun ƙarfe tara, wai yau tsofaffin direbobi ke haɗuwa a garejinsu na da. Lafiya?"

"Ya tafi da tukunya ta biyu?"

"Na miƙa masa, ya ce shi ba jaki ba ne. Auta, muryarki ba daidai take ba. Me ya faru?"

"Umma, ki ce wa Yaya ya rufe shago ya ɗauko ta. Ya kama hanyar gada, zan kira shi."

Garejin yana can ƙarshen gari, bayan gada, inda layin bas ke ƙarewa. Daga shi sai filayen da ake jibge tsofaffin motoci. Awa ɗaya da rabi tasi ya yi da ita kafin ya kai. Duk hanyar ta kasa daina jin nata numfashin.

Ta same su a ƙarƙashin rumfar kwano, su bakwai a kan kujerun bas da aka ciro aka jera a ƙasa. Baba yana tsakiya, jakar tukunya a cinyarsa, siririn tiyo ya zagayo kunnuwansa ya shiga hanci. Labari yake ba su da hannu biyu, yana tsayawa bayan kowace jimla ya ja iska. Tun daga nesa ta ji akwatin. Tak. Tak.

"Ba-Ribas, ga baƙuwa," in ji wani mai sanda. Sunan da suke kiransa da shi ke nan tun yana tuƙi.

Baba ya waiwayo, fuskarsa ta washe. "Injiniya! Ku ga mai abin. Wannan akwatin da kuke ta shafawa, ita ce ke duba shi kafin ya fito. Ke, an kore ki daga aiki ne kika biyo tsofaffi?"

"'Yar nan kamarku ɗaya, Allah dai ya taimake ta bai ba ta hancin ba," wani ya ce, aka kwashe da dariya.

Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don ba yadda za ta yi, idonta na kan allurar tukunyar. Saura kashi ɗaya cikin huɗu. Ta matsa kusa da kunnensa.

"Baba, akwai matsala a akwatin. Zan murɗa shi ya koma a buɗe, mu tafi gida yanzu."

"Wace matsala? Ga fitilarsa nan kore shar."

"Fitilar ba ta san komai ba."

"Ban gama labarina ba. Yanzu na iso inda birki ya tsinke mini a gangara."

"Ka ba su shi sau ɗari, Baba."

"Sau ɗari biyu," in ji mai sanda. "Kuma kowane zuwa gangarar sai ta ƙara tsawo."

Baba ya buɗe baki zai rama, sai ya ga hannunta a kan jakar. Ta riƙe ta gam. Ya dube ta irin kallon da yake mata tana ƙarama, in ta dawo daga makaranta ba ta ce komai ba. Ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya miƙe.

A gefen akwatin akwai maɓallin da in an murɗa, iska za ta bar bi ta harshen, ta riƙa zuba kai tsaye. Ta murɗa. Tak ɗin ya tsaya, wani siririn huci ya maye gurbinsa. Nan take ta ji sanyi a ranta, nan take kuma ta yi lissafin. Abin da ya rage, a buɗe, rabin awa ne. Da harshen awa biyu ne, in harshen ya yarda.

A cikin tasi ta kira Yaya. Ya ce yana hanya, amma wata babbar mota ta mutu a tsakiyar gada, an haɗe layi uku ya koma ɗaya.

"Ka ajiye motar ka tako da ƙafa."

"Da wannan tukunyar? Ke kin san nauyinta kuwa?"

"Yaya, ka tako."

Bai taɓa jin ta ba shi umarni ba. Ya ce to.

Minti goma sha biyar suka iso gindin gadar, suka tsaya cik. Gaba motoci, baya motoci, rana ta daki rufin tasin. Direban, wani mai ƙiba da tawul a wuya, ya gane Baba tsohon ɗan sana'a ne, suka shiga zagin direbobin zamani waɗanda ba su san bambancin hon da birki ba. Auta ta ce, "Baba, ka rage magana." Ya ce shekara arba'in uwarta na faɗa masa haka. Amma ya rage.

Allurar tana sauka a kan idonta. Ba a ganin motsinta, sai in an ɗauke kai an dawo a tarar ta matsa. Ta taɓa jan layi lokacin da suka ci kashi ɗaya cikin uku na gadar. Yaya ya ce ya wuce babbar motar, yana tafe, amma ya ƙi cewa saura nawa. Hakinsa kawai take ji a wayar.

In ta bar shi a buɗe, minti biyar ko shida tukunyar ta ƙare, wannan babu shakka a ciki. In ta mayar kan harshen, sauran iskar za ta kai minti ashirin, ko kuma ta tsaya a shaƙa ta gaba. Ta daɗe da yatsa a kan maɓallin.

"Injiniya," in ji Baba, idonsa a lumshe, "ko wanne ne, ki yi. Tsayawa a tsakiyar titi ita ce ke kashe mutum."

Ta murɗa. Tak.

Ta ɗauki akwatin ta manna a kunnenta, ɗaya hannun ta riƙe tiyon kusa da kumatunsa don ta ji wucewar iska. Tak, iska. Tak, iska. Direban ya kashe rediyo ba tare da an ce masa ba. A ɗakin gwaji sau goma a daƙiƙa ne, ƙugi kawai ake ji, ba a rarrabe ɗaya da ɗaya. A nan kowace shaƙa tana zuwa ita kaɗai, kuma kafin ta zo akwai ɗan shirun da Auta ke tsayar da nata numfashin a ciki. Wajen ta ɗari da hamsin ta fara jin wani abu a bayan tak ɗin, wani ɗan tsit, siriri. Ko da can yana nan ba ta taɓa sa kunne ba ne, ko yanzu ya fara, ba ta sani ba.

"Baba, kana jin barci?"

"Ina jin yunwa."

"Ka buɗe idonka. Ka gaya mini launin motar gabanmu."

"Launin wanda ya sayi lasisi a kasuwa."

Direban ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Tak, tsit. Tak, tsit. Ta ƙirga har ɗari uku da goma sha ɗaya, sannan ta hango Yaya tsakanin motoci, tukunya a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu.

Hannu huɗu suka sa wajen canjin. Ta cire akwatin gaba ɗaya, ta haɗa tiyon da sabuwar tukunyar kai tsaye. Huci ya cika motar. Yaya ya faɗa kujerar gaba, yana haki, yana nuna ta da yatsa alamar za su haɗu. Sannu a hankali leɓɓan Baba suka dawo launinsu.

Ta roƙi direban sukuddireba. Ta kwance akwatin a kan cinyarta, ta zaro harshen. A ido lafiyarsa ƙalau, fari, sumul. Ta ciro biro ta goga masa tawada, ta share da babban yatsa, ta ɗaga shi saitin taga. Tawadar ta zauna a wuri ɗaya. Layi ne siriri, ya taso daga gefen da zarto ya yanka, ya gitta faɗin harshen, abin da ya rage masa bai fi kaurin zare ba.

Baba ya miƙo hannu, ta ɗora masa a tafi. Ya matso da shi kusa da ido, ya juya shi.

"Wannan ne ke ba ni iska?"

"Shi ne."

"Nawa ne kaɗai ya yi haka?"

Ta girgiza kai. "Duk wanda aka yi tare da shi. Laifina ne, Baba. Ni na juya..."

"Wannan ki ajiye, kya faɗa wa masu ofis." Ya ja iska sau biyu. "A layin asibiti, ranar da muke zuwa awo, mutum shida na sa suka sa irinsa. A satin da na samu nawa. Na ce musu 'yata ce ke dubawa, su sa da ido a rufe."

Motar gabansu ta matsa taku biyu ta sake tsayawa.

"Kana da lambobinsu?"

"Na huɗu suna cikin wayata, a gida. Sauran biyun ban ma san sunansu ba. Akwai wata tsohuwa mai zuwa da jikarta, da wani dogo, tela ne ina ji. Ba na ganinsu sai ranar asibiti."

"Yaushe ne ranar?"

Ya ƙirga da yatsu, harshen yana tafin ɗaya hannun.

"Saura kwana tara."

Auta ta ɗauki waya ta kira Umma ta ce ta buɗe wayar Baba ta fara karanto mata sunaye.